Kundin aiki: horar da zuci don gudun fanfalaki na Legas

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau aka buɗe wannan kundi. 'Yan gudu goma sha huɗu ne a rukunin, maza goma, mata huɗu, duk a Jos suke atisaye, kuma abin da aka sa a gaba shi ne gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, kilomita 42.195. Jadawalin ƙafa yana nan yadda yake: dogon gudu ranar Lahadi, gudun sauri a fili ranar Talata, gudun tsaka-tsaki ranar Alhamis, sauran ranaku a sassauta. Abin da aka ƙara bana shi ne atisayen zuci, wato ɗan gudu ya suranta tseren a ransa, ya gan shi, ya ji shi a jikinsa, ya maimaita abin da zai yi a kowane wuri tun ranar ba ta zo ba. Wannan ɓangaren kaɗai za a riƙa rubutawa a nan.

Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma daga yanzu har Janairu asubarta sanyi ne da bushewa. Legas kuwa a bakin teku take, iskarta da nauyi, zufa ta jiƙa riga ta ƙi bushewa. Wanda ya yi horo a nan ya sauka can wataƙila ya sami 'yar riba ta wajen numfashi, amma komai baƙo ne a wurinsa, tun daga cunkoson farawa har doguwar gada a kan ruwa. Baƙunta ke sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba: ya fizga da wuri, ya wuce teburin ruwa bai sha ba, ya ji gajiyar da aka saba ji ya ɗauka shi ke nan ya ƙare. Ba halin a kwashi mutum goma sha huɗu a kai su Legas su gwada hanya, saboda haka hanyar za a kawo musu, a dasa ta a kansu.

Ma'aunin farko: zama uku a mako, minti takwas kowane zama.

Talata, 5 ga Nuwamba

An auna kowa kafin a fara, da gwaji biyu.

A na farko, mutum ya ɗaga gwiwar dama har ta kai kugu ya sauke, sau uku. Sannan ya tsaya cik, ya rufe ido, ya sake yi a ransa ba motsi. Sai a yi masa tambaya biyu daban: yaya kyan ganin, yaya kuma jin motsin a cinya? Kowace ya ba ta maki daga 1 zuwa 7. Dole a raba tambayar, domin akwai mai gani tar kamar a talabijin amma jikinsa shiru, akwai kuma wanda duhu kawai yake gani amma yana jin nauyin ƙafar sarai. Ga mai gudun nesa, jin ya fi ganin amfani. Akwai ma mutanen da idon zucinsu ba ya kawo hoto sam. A 2015 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Adam Zeman, da abokan aikinsa suka raɗa wa wannan yanayi suna afantasiya, kuma ba ciwo ba ne. Mutum ɗaya a rukunin kusan haka yake. An ce masa ya daina wahalar da kansa da neman hoto, ya riƙe sauti da numfashi da bugun tafin ƙafa a ƙasa.

Gwaji na biyu ya fi tona asiri. Kowa ya zagaya fili sau ɗaya, mita 400, da saurin da yake niyyar yin fanfalaki. Mai neman awa uku da rabi zai riƙa cin kilomita a minti 4 da daƙiƙa 59, zagaye ɗaya ke nan a kusan minti biyu. In ya huta, sai ya riƙe agogo, ya rufe ido, ya danna, ya yi zagayen a zuci, ya sake dannawa in ya iso layi. Kusan kowa ya iso da wuri, wasu tun a daƙiƙa saba'in. Zuciya tana tsallake duk inda babu abin kallo, ta haɗiye miƙaƙƙen layin baya gaba ɗaya. Wanda ya saba yin tsere cikin sauri a kansa, ranar gaskiya zai ga hanya ta ƙi ƙarewa. Aikin mako biyu masu zuwa shi ne a rage tazarar ta dawo cikin daƙiƙa goma. Dabarar ita ce ƙirga taku: mai taku 170 a minti ya ƙirga saukar ƙafar dama kaɗai, zai sami wajen 170 a zagaye, kuma ba ya danna agogo sai ƙirgen ya cika.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kurakurai biyu sun bayyana, duka daga tsarin da aka ba su.

An bar su suna yi a kwance da dare. Wanda ya yi kilomita goma sha biyar da asuba, ya wuni a shago ko a kan Keke Napep, in ya kwanta ya rufe ido barci ne zai sace shi kafin ya bar Surulere, inda tseren ke farawa, a ransa. Wanda barci bai ɗauka ba kuma, jikinsa a sake yake, zuciya na bugawa a hankali, babu abin da ya yi kama da ranar tsere. An gyara bisa tsarin da Paul Holmes da Dave Collins suka fitar a 2001, wanda aka fi sani da PETTLEP. Gundarinsa shi ne surantawa ta yi kama da ainihin aikin ta kowace fuska: yanayin jiki, wuri, aikin kansa, tsawon lokacinsa, matakin da mutum ya kai a ƙwarewa, halin da zuciyarsa ke ciki, da kuma inda yake kallo daga gare shi. Yanzu a tsaye ake yi, da takalmin tsere a ƙafa, da agogo a hannu, bayan ɗumama jiki na minti goma, numfashi bai gama sauka ba. An yarda hannuwa su ɗan riƙa kaɗawa. Kallon kuma daga cikin idon mutum ne, ya ga titi da bayan wanda ke gabansa. Kallon kai daga waje, kamar wanda aka ɗauka a bidiyo, an bar shi ga masu gyaran tsayuwa kaɗai, irin mai ɗage kafaɗa ko mai sunkuyar da kai in ya gaji.

Kuskure na biyu ya fito ne da aka tambaye su me suke gani. Yawancinsu layin ƙarshe suke gani: tafi, lambar yabo a wuya, hoton da za a ɗora a Facebook. Da daɗi kam, amma ba ya koya wa ƙafa komai. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor sun gwada irin wannan da ɗaliban jami'a a Amurka. Waɗanda suka riƙa surantar kansu suna zaune suna karatu sun fi waɗanda suka riƙa surantar babban maki cin jarrabawa. Binciken Gabriele Oettingen ma ya nuna cewa mafarkin nasara zalla yana iya kashe himma, sai an haɗa shi da duban cikas ɗin da ke tsakani. Dokar da aka kafa: a cikin minti takwas, layin ƙarshe daƙiƙa talatin ne rabonsa, kuma sai a ƙarshen zama.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An yanka hanya gunduwa-gunduwa. Wadda aka saba bi ta tashi daga Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, ta bi titin Ikorodu, ta juyo ta hau gadar Third Mainland, ta sauka Ikoyi, ta ratsa Lekki da Victoria Island, ta ƙare a Eko Atlantic. Masu shirya tsere kan taɓa hanya, don haka za a sake duba taswirar in sun fitar da ta bana.

Ba mai iya surantar awa uku da rabi a zama ɗaya, kuma ba a buƙata. A kowane zama a zaɓi gunduwa biyu, kowace minti biyu zuwa uku, a yi ta da ainihin lokacinta, ba gaggawa.

Gadar ce ta fi cin lokacinmu, kuma ta cancanta. Tsawonta kusan kilomita 11.8, wanda ke cin kilomita a minti biyar zai yi kusan awa guda a kanta. Babu inuwa, babu gidaje a gefe, 'yan kallo ƙalilan, ruwa hagu da dama, sandunan fitila duk iri ɗaya. Ido ba ya samun abin da zai auna cewa ana ci gaba. A nan mutum yake ɓata tserensa ta ɗayan hanya biyu: ko ya ga titi shimfiɗe, ƙafa da sauran ƙarfi, ya ƙara wuta, ko kuma hankalinsa ya tafi gida, sauri ya zube bai sani ba sai ya duba agogo. Kayan aikin da aka tara su ne bidiyon tseren shekarun baya da ke YouTube, da waɗanda mutane ke ɗauka daga cikin mota, sai kuma bakin mutum huɗu na rukunin da suka taɓa gudu a kanta. Su suka ba da abin da kyamara ba ta ɗauka: iskar da ke bugowa ta gefe, ƙarafan da ke haɗa gaɓoɓin gadar waɗanda ƙafa ke ji in ta taka, ƙamshin ruwan gishiri. Alamomi biyu aka ba kowa ya riƙe, duka ta hannun dama: gine-ginen Jami'ar Legas, can gaba kuma gidajen katako na Makoko a kan ruwa. A kalli bidiyo minti biyu, a kashe, a rufe ido, a shiga.

Kowa ya rubuta nasa rubutun ya naɗa da muryarsa a waya. Ga na ɗaya daga cikin masu neman awa uku da rabi, bayan gyara:

"Ina kan gada. Rana ta ɗago ta hagu. Riga ta manne mini a baya. Ƙafa na sauka ƙarƙashin kugu, tas, tas, tas. Na duba agogo, huɗu da hamsin da takwas, daidai. Wani mai jar riga ya wuce ni, raina ya so bin sa. Na ƙyale shi. Na saki kafaɗa, na buɗe yatsu. Na zaɓi sandar fitila ta biyar, ita na nufa. Na iso. Na zaɓi wata."

Rubutunsa na farko ya cika da bayanin gari, sararin sama da jiragen ruwa. An soke su, an sa abin da jiki ke ji. Tun a ƙarshen shekarun 1970 Peter Lang ya nuna cewa surantawar da ta ƙunshi martanin jiki, bugun zuciya da ɗaurewar tsoka da zufa, ta fi motsa jikin a kan wadda ta tsaya ga siffanta wuri. Jimloli gajeru, a bar shiru na daƙiƙa biyar zuwa goma tsakaninsu domin hoton ya zauna. Kuma da harshen da mutum yake yi wa kansa faɗa in ya gaji zai naɗa. Wasu da Hausa suka yi, wasu da Ngas ko Berom.

Talata, 3 ga Disamba

An shiga babin matsaloli. Tsarin shi ne wanda Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999: a ƙulla niyya da siga ɗaya, "in kaza ya faru, zan yi kaza", domin a kilomita ta talatin kai ba ya iya shawara, abin da aka riga aka ƙulla shi ke fitowa. Kowa ya zaɓi huɗu, ba ƙari. An gwada shida da mutum biyu, suka cakuɗe musu.

Wanda ciwon suka ke kamawa a ƙarƙashin haƙarƙari, nasa shi ne ya rage sauri da daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin a kilomita, ya danna wurin da yatsu, ya riƙa fitar da numfashi da ƙarfi, ya ba shi minti biyu kafin ya koma saurinsa. In ruwa ya kuɓuce a tebur, ba a juyawa baya cikin jama'a, a tebur na gaba a rage gudu a ɗauki biyu. In igiyar takalmi ta kwance, a ratse gefe tukuna, a yi ƙulli biyu, daƙiƙun da aka rasa a biya su cikin kilomita uku, kada a ce sai a ɗaya. In sharaɓa ta fara tsinkulo alamar za ta ɗaure, a gajarta taku nan take.

Ga inda abin ke lalacewa. Mai yawan fargaba in aka ce ya suranta matsala, sai ya shiga ya kasa fita. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Koci, ni fa duk na rufe ido sai in ga na faɗi a kan gadar nan." Kwana uku ba ta yi barcin kirki ba. An cire mata babin matsala na mako guda, an mayar da ita gunduwa mai sauƙi wadda ta sani, titin da take gudu kullum a Rayfield, sannan za a dawo da gadar kaɗan-kaɗan. An kuma sa wa kowa awo: matsala daƙiƙa ashirin, maganinta minti ɗaya, komawa kan taku minti ɗaya. Ba a rufe zama a tsakiyar matsala. In hoton ya ƙwace, a buɗe ido, a yi taku goma, a faro daga wuri mai lafiya.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya kankama, ana fita da hula da safar hannu. A wannan sanyi aka ce su suranta zafin Legas, kuma a nan ya kamata a faɗi iyakar wannan aiki ƙarara. Surantawa tana rage firgita in zafi ya zo, amma ba ta sa jiki ya fara zufa da wuri, ba ta ƙara ruwan jini. Wannan sai an shiga zafin da jiki, kwana goma zuwa goma sha huɗu, wajen awa ɗaya a rana. Saboda haka daga tsakiyar Janairu za a mayar da gudun sassauci zuwa bayan azahar, da ƙarin riga. An fara auna nauyi kafin dogon gudu da bayansa. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa, daga nan kowa zai san nasa shan, wanda ga yawancin mutane yake faɗawa tsakanin mililita 400 zuwa 800 a awa. Ɗura ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini.

Abin da ya fi damunmu shi ne kada wannan horo ya koya wa yaro toshe kunne ga jikinsa. Muna koya musu su ga wahala su wuce ta, kuma akwai wahalar da ba a wucewa. Jiri, ruɗewa, tangaɗi, jin sanyi da tashin tsikar jiki ana cikin rana, ciwo a ƙirji: waɗannan tsayawa ake yi. An sa kowa, ba a ɗauke wa kowa ba, ya suranta kansa yana ratsewa gefe, yana ɗaga hannu, yana zama, yana gaya wa ma'aikacin lafiya sunansa da abin da yake ji. Samarin sun yi ta gardama, wai wannan kiran faɗuwa ne. An tsaya a kan magana. Wanda bai taɓa ganin kansa yana tsayawa ba, kunya ce za ta tura shi gaba a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta dagule, kuma zafi yana kisa. Sau ɗaya a mako za a riƙa yin wannan gunduwa, minti ɗaya.

Shan ruwa a guje kuwa sai an yi shi da hannu kafin a kai shi zuci. Gobe za a kafa tebur kowace kilomita biyar: a hango shi tun daga nesa, a matso gefensa, a miƙa hannu, a matse bakin kofi ya zama kamar mazurari, a kurɓa sau uku. Da yamma sai a maimaita a kai.

Lahadi, 22 ga Disamba

Kilomita talatin yau, na farko a wannan zango. A kowane tebur an tambayi mai wucewa lamba ɗaya daga ma'aunin wahala na Gunnar Borg, wanda ke tashi daga 6 zuwa 20, aka rubuta. Amfaninsa shi ne rubutun zuci ya sami lambar gaskiya: "ina kilomita ashirin da biyar, wahala sha biyar, haka ya kamata ta kasance." Wanda ya san sha biyar na jiransa a can ba ya razana in ta zo.

Cikin awa ɗaya da gamawa aka zauna da kowa da takardarsa, tun jiki bai manta ba. Wannan zaman ya fi duk wanda aka yi a baya amfani. Abin da suka rubuta a Nuwamba game da ƙarshen tsere duk iri ɗaya ne, "ƙafa ta yi nauyi." Abin da suka ji yau kowa da nasa. Wani gaban cinyarsa ne ya yi kamar itace a gangara. Wata wuyanta ya sage. Wani haushi ne ya kama shi ba dalili, har ƙarar takalmin abokinsa ta dame shi. Mutum uku sun ce dabinon da ke aljihu ya fita ransu, ganin sa ma tashin zuciya. Wannan na ƙarshe shi ne mai haɗari, domin ajiyar sukarin da ke tsoka da hanta, wajen gram 500 ne duka, tana yin ƙasa sosai a tsakanin kilomita talatin da talatin da biyar, kuma lokacin da jiki ya fi buƙata shi ne lokacin da baki ke ƙi. Ana son a riƙa cin sukari gram 30 zuwa 60 a awa tun daga farko. Ƙananan dabino uku wajen gram 15 ne, leda ɗaya ta jel, wato sukari mai kauri da 'yan gudu ke tsotsa, 20 zuwa 25. An ƙara wa waɗannan ukun jimla a rubutunsu: "Ba na so. Na ciro. Na tauna. Na bi da ruwa." Kowa ya goge tsohon sauti ya naɗa sabo da kalmomin yau.

An kuma tattauna inda hankali zai zauna. A 1977 William Morgan da Michael Pollock sun gano cewa manyan 'yan gudu sun fi sa ido a kan jikinsu, numfashi da taku da ƙishirwa, alhali na baya sun fi kai hankali wani wuri don su manta da ciwo. Ba mu hana kowa waƙa a ransa ba, musamman a rabin farko. Sharaɗin shi ne a kowace alamar kilomita a dawo da hankali kan jiki na daƙiƙa goma, a duba daga sama zuwa ƙasa: muƙamuƙi, kafaɗa, yatsu, numfashi, taku. Shi ma wannan dubawa an sa shi cikin surantawa, har ya zama ganin allon kilomita kaɗai ke tayar da shi.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Hutun ƙarshen shekara ya raba rukunin biyu. Wasu sun ajiye aikin gaba ɗaya, an dawo da su kan zama uku. Mutum huɗu kuma sun wuce gona da iri, minti talatin kullum, wani har sau biyu a rana, suka zo fili ranar Talata a dushe, saurin da suka saba yi ya yi musu tsauri. Surantawar kirki aiki ce, tana gajiyar da kai. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa sun sa mutane aikin kwamfuta mai cin hankali na minti casa'in, sannan suka hau keken gwaji. Sun sare da wuri da kusan kashi goma sha biyar cikin ɗari, alhali bugun zuciyarsu bai bambanta ba, wahalar ce kawai suka ji ta fi. An sa rufi: minti goma sha biyu, sau huɗu a mako. Kafin gudun sauri ko dogon gudu kada a wuce minti uku. Da wannan dalili aka roƙe su su rage daddanna waya a daren Asabar.

An tace kalmomin ƙarfafa kai. Gwajin Anthony Blanchfield da abokansa na 2014 ya nuna cewa irin wannan magana tana rage jin wahala, tana tsawaita juriya. Kowa biyu zai riƙe, gajeru, masu shiga taku. Waɗanda suka fi zama a baki su ne "a hankali, a hankali" a rabin farko, da "ɗaya ta gaba" a ƙarshe.

Lahadi, 12 ga Janairu

Agarar mutum ɗaya ta kumbura, likita ya ce kwana goma ba gudu. Zai ci gaba da zamansa na zuci, a tsaye in ba ciwo, ya kuma riƙa zuwa fili yana kallon 'yan'uwansa, ya rufe ido ya bi su zagaye ɗaya da agogo. Wannan zai riƙe masa tsari da natsuwa. Kilomitocin da ya rasa kuwa ya rasa su, don haka an sauke burinsa daga awa uku da rabi zuwa uku da minti arba'in da biyar, wato minti 5 da daƙiƙa 20 a kilomita, kuma dole ya sake naɗa sautinsa da sabbin lambobi. In aka bar tsohon sauti a kunnensa, tsohon sauri zai nema ranar tsere.

Asabar, 18 ga Janairu

An sake gwajin mita 400. Mutum goma sun shigo cikin daƙiƙa goma. Uku har yanzu da wuri suke isowa, kuma su ne dai ukun da ke fizga a farkon kowane dogon gudu. Ga su aka gina zaman yau, sauran suka amfana.

An yi musu lissafi a ƙasa da tsinke. Wanda ya ƙara daƙiƙa goma sha biyar a kowace kilomita ta goman farko, ribarsa minti biyu da rabi. In ya biya da minti ɗaya a kowace kilomita ta goman ƙarshe, asararsa minti goma. Sannan aka cusa su wuri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, aka kunna lasifika da ƙarfi, aka bar su tsaye minti goma har ƙafa ta fara ƙaiƙayi, aka ce su rufe ido. Abin da za su gani shi ne an busa, jama'a sun kwasa, mutane na wuce su ta ko'ina, har waɗanda suka san sun fi su. Abin da za su yi shi ne su bari a wuce su, su duba agogo a kilomita ta farko su ga ta fi burinsu jinkiri da daƙiƙa goma, su ji daɗin haka. Jin daɗin nan shi ake horarwa, domin a ranar jiki zai ce ana barin ka a baya. Daga nan aka buɗe ido aka yi kilomita uku na gaske, an sa mutum biyu su fizga da gangan don a ga wa zai bi su. Ɗaya daga cikin ukun ya bi. Za a maimaita ranar Alhamis.

Safiyar tsere ita ma an fara bin ta daki-daki: tashi, abinci awa uku kafin farawa kuma wanda ciki ya sani, shafa man kaɗanya ko Vaseline a cinya da hammata, maƙala lamba a riga tun daren jiya, layin banɗaki. Asuba tana faɗowa dab da lokacin shiga layi, saboda haka masu salla su san tun yanzu inda za su yi alwala da inda za su ajiye takalmi, su gan shi a ransu, kada ya zama abin guje-guje a ranar.

Lahadi, 26 ga Janairu

Dogon gudu na ƙarshe, kilomita talatin da biyu, saura mako uku. A biyar ɗin ƙarshe an gwada surantawa ido buɗe, a titi mara motoci: mai keke yana bin su yana faɗa musu, "Kilomita talatin da bakwai ke nan, kun baro Lekki, rana ta yi sama." Gajiyar ta gaske ce, wurin kawai aka aro. Yawancinsu sun ce nan ne karo na farko da rubutun da jikin suka zama abu ɗaya. Biyu sun ce muryar ta ɗauke musu hankali daga taku, an bar su su yi shiru da nasu.

Yarinyar da gada ke firgitawa ta yi gunduwarta sau uku a wannan mako ba ta faɗi ba. Mai agara ya dawo, kilomita goma sha takwas ya yi yau, ba kumburi.

Daga gobe kilomitoci za su ragu, zaman zuci kuma zai gajarta zuwa minti shida, sau huɗu a mako, ba sabon abu da za a ƙara. A makon ƙarshe za a cire babin matsaloli in ban da gunduwar tsayawa, a bar farawa, gada, da kilomita biyar na ƙarshe. Saura a tabbatar da wuraren teburin ruwa a taswirar bana a gyara lambobin da ke cikin sautin kowa, a kuma nemi motar da za ta bi da su ta kan gadar ranar da suka sauka Legas, tagogi a buɗe, su ji iskar da fatarsu. Ranar Alhamis za a sake gwajin farawa da mutum ukun nan.